Hoto Na Ƙamewa, Ana Ɗora Wa Sabis Laifi: Abin Da Ke Faruwa Tsakanin Kwamfutoci Biyu A Shirin Kai Tsaye

Duk wanda ya saba bin tafsirin azumi ta waya ya san wannan takaicin. Malam yana tsakiyar bayani, ya ɗaga hannu zai nuna wani abu, sai hoton ya ƙame da hannun a sama. Murya tana tafe, ko ita ma ta sarƙe. Can sai hoton ya zabura ya cimmo muryar, a yi minti guda lafiya, a sake komawa gidan jiya. A ƙasan bidiyon kuwa saƙonni sun fara sauka daga Maraɗi, Kumasi, Jidda da Landan: "Hoto yana yankewa." "Don Allah a gyara mana." A bayan masallaci, inda aka jera tebura da wayoyi, matasan da ke riƙe da aikin suna ta sharce gumi, kuma idan shugaban kwamiti ya leƙo, amsar da ke bakinsu guda ce: "Ranka ya daɗe, sabis ne."

Wani lokaci gaskiya suka faɗa, domin intanet ɗinmu ba ta rasa nata laifin. Amma a wuraren da ake haɗa kwamfutoci biyu don watsa shiri, sau da yawa hoton ya riga ya lalace tun bai bar ɗakin ba. Sai ka ga kwamiti ya tara kuɗi ya sauya layi, ya ƙara data, wasu ma sun sayo Starlink tunda ta shigo Najeriya a farkon 2023, amma washegari Malam ya sake ƙamewa kamar yadda ya saba. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke damuna shi ne kuɗin nan galibi na taimakon jama'a ne, alhali tushen matsalar kan zama kebul guda mai arha, ko wani saiti da ake gyarawa kyauta cikin minti biyar.

Me ke bi ta tsakanin kwamfutocin

Masu wasannin kwamfuta na Amurka da Turai, waɗanda ke nuna wasansu kai tsaye a Twitch, su suka yayata wannan tsari: kwamfuta ɗaya ta ji da wasan, ɗayar ta ji da matse hoton da aika shi. A wajenmu dalilin ya fi karkata ga tazara da rabon aiki. Ɗaya tana gaba kusa da mai magana, ita ke karɓar kyamara ko fitar da ayoyi da rubutu a majigi. Ɗayar tana baya, ita ke haɗa komai ta tura Facebook ko YouTube. Haka ake yi a majami'u, da zaurukan taro na jami'o'i, da gidajen rediyon da suka fara nuna situdiyonsu ga masu sauraro, da wuraren biki.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen kai hoto daga ta farko zuwa ta biyu ba tare da sayen wata na'ura ba ita ce NDI. Kamfanin NewTek da ke San Antoniyo a jihar Texas ta Amurka ne ya gabatar da ita a 2015, ta isa hannun jama'a a 2016, sannan kamfanin Vizrt ya saye NewTek a 2019. Ita kuwa OBS, manhajar kyauta da kusan kowane mai watsa shiri ke amfani da ita, tun 2012 take, kuma tana magana da NDI ne ta wani ɗan ƙari da aka daɗe ana kira obs-ndi kafin a sauya masa suna zuwa DistroAV a 2024. Ka sa kebul ɗin intanet na cikin gida, ka kunna, sai ga allon waccan kwamfutar a cikin wannan. Sauƙin nan ne ke sa mutane su manta da girman abin da ke bin kebul ɗin.

Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, kowanne ana ce masa firam. Hoto mai girman 1080 da firam 60 a sakan, idan ba a matse shi ba, yana cin kusan gigabit 2 a kowane sakan. NDI tana matse shi kaɗan kawai, don kada kyansa ya zube kuma kada a yi jinkiri, sai ya dawo tsakanin megabit 100 zuwa 150. Shi kuma wanda ake turawa Facebook ko YouTube an matse shi matuƙa, galibi bai wuce megabit 4 zuwa 9 ba. Wato abin da ke gudana a cikin kebul ɗin da ke tsakanin kwamfutocin nan biyu ya ninka wanda ke tafiya duniya fiye da sau goma. Wanda ya riƙe wannan lissafin ya san inda zai fara dubawa.

Kafin a taɓa komai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara murɗe-murɗe. Wannan ya rage girman hoto, wancan ya sauya sabar, wani ya kashe ya kunna, duk a lokaci guda. In abin ya gyaru ba a san me ya gyara shi ba, in ya ƙara lalacewa ba a san hanyar komawa ba. Aikin farko shi ne gano zangon da hoton ya fara tsinkewa, kuma gwajin ba ya cin ko megabait ɗaya na data.

A dakatar da watsawa gaba ɗaya. A kwamfuta ta biyu a danna naɗa, a sa wani ya riƙa kaɗa hannu a hankali gaban kyamara, ko a kunna rubutu mai tafiya a ƙasan allo, na tsawon minti biyar. A buɗe abin da aka naɗa a kalla. Idan yana kakkatsewa, to kamfanin waya ya fita daga zargi, domin hoton bai ma kai gare shi ba. Sai a maimaita naɗin a kwamfuta ta farko. In can ma yana kakkatsewa, ciwon yana cikinta ko cikin kyamara, kebul ba ruwansa. In can sumul yake amma nan a sarƙe, to ko hanyar ce ko mai karɓa. Don raba waɗannan biyun, a rufe OBS a ta biyu, a buɗe Studio Monitor, ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin kyauta da ke zuwa a ƙunshin NDI Tools, wadda aikinta kawai nuna hoton da ya iso. Idan ita ta nuna lafiya, hanyar ta wanku, saura OBS da nauyin da aka ɗora mata.

OBS ɗin kanta tana da allon ƙididdiga, ana samunsa a View sannan Stats, kuma yana da kyau ya zauna a buɗe duk tsawon shiri. Lambobi uku ne masu muhimmanci a ciki: firam ɗin da aka rasa saboda katin hoto ya gaza zana su a kan lokaci, waɗanda aka tsallake saboda matsewa ta yi wa na'ura yawa, da waɗanda suka zube a hanyar fita intanet. Kowacce tana nuna wani mai laifi daban. Sai dai akwai tarko a nan da ke ruɗar har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Lamba ta ukun tana lissafa abin da ke tsakanin OBS da Facebook ne kawai, ba ta san komai game da kebul ɗin da ke tsakanin kwamfutocin ba. Idan firam bai iso daga NDI ba, OBS ba ta ƙorafi, sai ta maimaita na baya ta ci gaba. Don haka ana iya ganin sifili a duka layukan uku, alhali mai kallo yana ganin Malam a ƙame. Sifili uku tare da hoto mai sarƙewa ma shi kansa shaida ne: ko hanyar cikin gida ce, ko saɓanin yawan firam, wanda za mu zo kansa.

Wayoyi takwas

Idan za a tambaye ni wuri guda da za a duba, in ce kebul. A cikin kebul ɗin da ake haɗa kwamfutoci akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Tsohon tsari mai gudun megabit 100 yana amfani da huɗu ne kawai, waɗanda ke fil na 1, 2, 3 da 6. Gudun gigabit, wato megabit 1000, sai duk takwas ɗin sun haɗu lafiya. Idan ɗaya daga cikin sauran huɗun, masu launin shuɗi ko ruwan ƙasa, ta tsinke, ko mai matse kan kebul bai danne ta da kyau ba, kwamfutocin ba za su ce komai ba. Za su sauko zuwa 100 da kansu, fitila tana ci, shafuka suna buɗewa, WhatsApp yana aiki, kowa yana ganin lafiya lau. Amma layin 100 abin da yake iya ɗauka na zahiri bai wuce megabit 94 ba, ga kuma NDI tana neman 100 zuwa 150.

Alamarsa tana da ban sha'awa ga wanda ya lura. NDI tana matse kowane firam ne shi kaɗai, ba ta jingina da na bayansa, don haka nauyinsa ya danganta da yawan tarkacen da ke cikin hoton. Farin allo mai ɗauke da aya ɗaya ba shi da nauyi, yana wucewa salin alin ko a layin 100. Da zarar an juya zuwa kyamarar da ke kallon jama'a, ga zanen darduma, ga aikin huluna da manyan riguna, ga fuskoki ɗaruruwa, sai nauyin ya hau, hoton ya fara tsalle. Masu aikin sukan ce kyamarar ce ta lalace. Ita kuwa lafiyarta ƙalau.

Dubawa ba wuya. A Windows a shiga saitin hanyar sadarwa, a buɗe Ethernet, a karanta gudun layin. Ana son ganin 1000/1000 a kwamfutocin biyu, ba ɗaya ba. In aka ga 100, sai a bi sawu. Wasu gajerun kebul da ke zuwa cikin kwalin rauta wayoyi huɗu kawai gare su, ana ganinsu ta cikin farin kan roban. Akwai kuma kebul ɗin da ya cika kasuwanninmu mai arha, wanda aluminiyam ne aka yi masa rufin tagulla. Yana karyewa da wuri in ana naɗewa ana warwarewa kullum, kamar yadda ake yi kwana talatin a jere lokacin azumi, kuma ba ya kai nisan mita 100 da aka ƙayyade wa kebul na gaske. In ka kankare wayar da reza ka ga fari a ƙarƙashin jan, ka san abin da aka sayar maka. Cat5e na tagulla zalla ya isa gigabit, Cat6 ya fi ƙwari, ba a bukatar abin da ya wuce haka. Kebul ɗin da ake takawa a bakin ƙofa, ko wanda kujera ta danne, shi ma a sa masa ido.

In kebul ya wanku, sai a dubi ramukan da ake soka shi. Rautoci da yawa masu arha, har da wasu na 4G da ke da Wi-Fi mai kyau, ramukansu na 100 ne, an rubuta 10/100 a kwali da ƙananan haruffa. Haka ƙananan mahaɗan USB da ake saya wa laftof ɗin da ba ta da ramin kebul, da yawansu 100 ne duk da abin da mai shago zai faɗa. Ƙaramin suwic na gigabit mai rami biyar, irin wanda ba ya bukatar wani saiti, ya fi su duka aminci. Kuma in kwamfutoci biyu ne kawai, ba dole sai da suwic ba. Katunan gigabit suna gane juna kai tsaye da kebul na yau da kullum. A ba ɗaya adireshi 192.168.10.1, ɗayar 192.168.10.2, a bar intanet ta shigo wa mai watsawa ta wata ƙofa daban. Wannan tsarin nake fifitawa, domin hoton NDI yana da hanyarsa shi kaɗai, ba mai saukar da fim a waya da zai yi masa cunkoso. Sai dai a tabbata Windows ta ɗauki layin a matsayin na gida, ba na bainar jama'a ba, in ba haka ba katangar tsaronta kan hana kwamfutocin ganin juna.

Batun Wi-Fi gajere ne: kada a bi da cikakkiyar NDI ta cikinsa. Iska ɗaya kowa ke rabawa, na'ura ɗaya ke magana a lokaci guda, kuma a zauren da ɗaruruwan mutane suka shigo da wayoyi, wasu sun kunna hotspot, gwajin da aka yi da rana wurin babu kowa ba ya nuna komai. A firam 60, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal ya iso, ɗan jinkirin da mai buɗe shafi ba zai ji ba ya isa ya zubar da firam uku. Abin lura ma shi ne laftof mai kebul a jiki wadda aka bar Wi-Fi ɗinta a kunne kan rauta ɗaya. Tana iya bin iskar ta bar kebul ɗin, kana kallonsa a soke kana ganin komai daidai. A kashe Wi-Fi ɗin mai aikawa ɗungurungum. In dole ne sai ta iska, kamar kyamarar waya mai yawo cikin jama'a, to a yi amfani da NDI HX, wadda ke matse hoto sosai ta rage nauyin ƙwarai, da sanin cewa za ta ɗan ƙara jinkiri.

Mai son hujjar da ba gardama ya sauke iperf3, ƙaramar manhajar kyauta da ke tura kaya daga wannan kwamfuta zuwa waccan ta auna. Layin gigabit mai lafiya yana ba da kusan 940. Umarnin ping kuma, in an bar shi yana gudana, ya kamata ya tsaya a milisakan ɗaya ko ƙasa, ba ya tsalle zuwa hamsin ya dawo. A tuna kuma cewa duk wanda ya buɗe hoton NDI yana jan nasa kwafin ne daban. Allon duba na mai sauti, da Studio Monitor da aka manta a buɗe a bayan fage, da OBS, sun zama uku, nauyin mai aikawa ya ninka sau uku.

Hanya a buɗe, hoto bai daina ba

Idan awo ya nuna 940 amma abin bai gyaru ba, sai a koma kan injinan. Tambayar da ke saurin kai mutum ga amsa ita ce: yaushe yake farawa? In minti ashirin na farko lafiya ne sannan ya fara, zafi ne. Furosesa in ta doshi digiri 100 tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Yamai ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturun da ta wuce ta toshe fankar laftof, ga an ɗora ta a kan darduma ta rufe ramukan iskarta. A ɗaga ta a kan wani abu mai tauri, a busa ƙurar, a juyo mata fanka. Task Manager yana nuna gudun furosesa, za ka ga lambar tana sauka daidai lokacin da hoton ya fara sarƙewa.

In kuma yana farawa ne daidai lokacin da wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, dalili biyu ne. Laftof in ta koma kan batir tana rage ƙarfinta, wani lokaci ma cajar ta ƙi karɓar wutar ƙaramin janareta ba wanda ya lura. Shi kuma suwic da rauta ba su da batir, sun mutu sun taso, kuma kafin kwamfutocin su sake gano juna an rasa sakanni masu yawa. Mutane suna saya wa kwamfuta UPS su manta da ɗan akwatin da ke tsakani. A jona shi ma.

Akwai kuma tsimin wuta na katin sadarwa. Wani tsari da aka kafa a 2010, mai suna Energy Efficient Ethernet, wasu katunan kuma suna kiran nasu Green Ethernet, yana sa layin ya ɗan yi gyangyaɗi duk lokacin da babu kaya. Ga ofis abu ne mai kyau, ga bidiyo kan jawo tsaiko. Ana kashe shi a Device Manager, a nan ne kuma ake cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin don tsimi. Tun fitowar NDI 5 a 2021, hanyar aikawarta ta asali ta koma wani nau'in UDP mai tabbatar da isowa, wanda wasu katuna masu rauni ba sa jurewa. A manhajar Access Manager ana iya mayar da mai karɓa kan TCP guda a gwada. Kuma sigar NDI da ta DistroAV su zama iri ɗaya a kwamfutocin biyu. Kada a sabunta komai ranar taro.

Ga masu wasanni, mai laifin da aka fi kamawa shi ne katin hoto. Wasa yana cinye ƙarfinsa kashi ɗari, OBS ba ta samu sararin ɗaukar hoton ba balle ta miƙa wa NDI. A ƙayyade wa wasan yawan firam, a buɗe OBS da ikon mai gudanarwa domin Windows ta ba ta fifiko a kan katin. Ga mai karɓa kuma, a cire ado maras amfani: tambari mai juyawa, agogo, akwatin saƙonni, kowanne ɗan burauza ne da ke cin nasa rabon.

Ashirin da biyar cikin talatin

Akwai wani irin kakkatsewa da ba ya ƙamewa, sai dai hoton ya riƙa ɗan ɗingishi a kai a kai, musamman in kyamara tana juyawa ko rubutu yana tafiya. Kebul lafiya, lambobi sifili, injina a sanyaye. Wannan lissafi ne, kuma ya shafe mu fiye da waɗanda suka rubuta yawancin darussan da ake kallo a YouTube.

Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Gana tana kaɗawa sau 50 a sakan, irin ta Turai, kuma a kan haka aka gina talabijin ɗinmu: firam 25 ko 50. Ta Amurka sau 60 ce, nasu 30 ko 60. Kyamarorin bidiyo da aka yi wa kasuwar Turai da tamu suna zuwa a 25 ko 50, amma wayoyi da allunan kwamfuta da OBS suna zuwa a 30 ko 60. In kyamara ta ba da 25 OBS tana jiran 30, dole ta cike giɓin firam biyar a kowane sakan, wato duk bayan hotuna biyar ta maimaita ɗaya. Ido yana kama wannan ko mai shi bai san sunansa ba. Akwai ma ƙaramin saɓani tsakanin 60 da 59.94, lambar da aka gada daga shigowar talabijin mai launi a Amurka a 1953. Bambancin firam ɗaya ne cikin dubu, sai hoton ya yi ɗan tuntuɓe kusan duk bayan sakan 17, daidai kamar agogo. In ka ga tsaikon da ke dawowa a ƙayyadadden lokaci, ka daina zargin kebul. Haka ma mai wasa a allo mai 144 yana aikawa a 60, lissafin ba ya rabuwa daidai, gara ya sa allon a 120.

Maganin shi ne a zaɓi lamba ɗaya a bi ta tun daga kyamara, zuwa OBS ta farko, zuwa ta biyu. In kyamarorin na 25 ne, komai ya zama 25, wannan ma yana rage walƙiyar da fitilu ke yi a hoto. In wayoyi ne da allon kwamfuta, komai ya zama 30. Ra'ayina kuma shi ne yawancinmu muna ɗora wa kanmu nauyin da ba mai bukata. Malami a zaune yana karatu ba ya bukatar firam 60. Masu kallonsa a waya suke, suna lissafin datarsu. Hoto mai girman 720 ko 1080 a firam 25 ko 30, mai tafiya sumul daga farko har addu'ar rufewa, ya fi babban hoton da ke tsayawa, kuma saukowar tana sauƙaƙa wa kebul da furosesa da intanet a lokaci guda.

Sauti yana da irin nasa saɓanin. In wata na'ura tana kan 44.1 wata kan 48, murya kan riƙa ƙaras-ƙaras ko ta zame wa leɓe a hankali, don haka a sa komai kan 48, a OBS da a Windows. Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a ja sautin mikisa kai tsaye zuwa kwamfutar da ke watsawa, kada a bi da shi ta NDI. Hoton zai iso a ɗan makare, sai a jinkirta sautin kaɗan su daidaita, ana gwadawa da tafi gaban kyamara. Ribar ita ce ko kebul ya tsinke a tsakiyar karatu, muryar Malam da ta alaramma ba za su yanke ba, kuma jama'a muryar suka zo ji.

Idan an wuce duk wannan, naɗin gida sumul, amma lamba ta uku a allon Stats tana hawa da zarar an fara watsawa, to yanzu matasan nan sun yi gaskiya. Abin dubawa gudun aikawa ne, ba na saukewa da ake tallatawa ba, kuma a auna shi a lokacin shirin, domin bayan buɗa-baki kowa na kan waya, turken sabis ya cika. A sa nauyin watsawa kusan rabin abin da awo ya nuna, a bar tazarar firam na tushe a sakan biyu kamar yadda YouTube da Facebook suka nema, a kunna zaɓin OBS da ke rage nauyi da kanta in layi ya matse.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: shin ana ma bukatar kwamfuta ta biyun? Tsarin ya samo asali ne lokacin da matse bidiyo ke cinye furosesa. Tun 2011 Intel ta sa Quick Sync a cikin nata, Nvidia ta zo da NVENC a 2012 ta kuma inganta shi sosai a 2018, dukkansu ɓangarori ne na musamman da ke yin matsewar ba tare da taɓa sauran aikin ba. Kwamfuta ɗaya matsakaiciya tana ɗaukar kyamara biyu da rubutu da watsawa. Wasu kuma in NDI ta gajiyar da su sai su koma HDMI da na'urar kama hoto, wadda masu sana'ar ke kira kapca. Ta gaske tana aiki da kyau. Amma mai arhar da ta cika kasuwa, wadda aka shafa wa bakinta shuɗi kamar USB 3, da yawanta USB 2 ce a ciki, ba ta wuce firam 30 a girman 1080, kuma hoton a dagule. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Inda kwamfuta ta biyu ke da hujja mai ƙarfi shi ne tazara. HDMI na yau da kullum yana fara gardama in ya wuce mita goma zuwa sha biyar, shi kuwa kebul na tagulla yana kai mita 100. A babban masallaci ko zauren yaye ɗalibai, inda mumbari yake can gaba teburin aiki yana bayan sahu na ƙarshe, NDI ce hanya mafi arha. A irin wannan wurin a ja kebul biyu tun farko, a bi da su jikin bango inda ƙafa ba ta kaiwa, a gwada kowanne ya nuna 1000, a bar na biyun a naɗe kusa da ramin.